Tofin Inna Ta Cikin Waya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni ne Garba manomi, daga Tabanni ta ƙasar Birnin Gwari.

A da, kafin mu samu sabis sai mun hau tsauni. Bana matasan garinmu suka kafa dogon ƙarfe da sola a makarantar firamare, suka ce intanet ce kyauta, kowa ya zo.

Ƙanwata Hadiza ta yi haihuwar fari a Kaduna. Saboda halin da hanya take ciki, ba ta zo wankan gida ba, mahaifiyarmu Inna kuma ba ta je ba. Abincin kirki ma Inna ta daina ci.

Ranar suna na kai ta gindin ƙarfen, na kira Hadiza ta bidiyo. Da fuskarta ta fito, sai Inna ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Ɗago min maigidan nawa in gani," in ji ta. "Kai, kunnuwan marigayi babanku ne sak!"

Sai ta karanta addu'a, ta tofa a gilashin wayar. Wallahi a take jaririn ya yi atishawa.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ta isa gare shi."

Duk mutanen wurin suka yi kabbara.

Ina roƙon malamai su faɗa mana, shin tofi yana bin intanet? Ita dai Inna ta hana ni goge gilashin har yau.