Tarin da Ke Bayan Faifai

"Umma, wa ke tari a cikin waƙar nan?" Mastura ta tambaya a bakin rumfar mai faifai a kasuwar Balad, sai ita ma ta sarƙe da tarin da ta kwana huɗu tana yi. Uwarta Zaituna ta so ta ja ta su wuce cefane, amma mai rumfar ya riga ya ji.

"Yarinya ta fi ka kunne, ya ammi," ya ce wa dattijon da ke duba kayansa, yana kiransa baffa da Larabci.

"Wannan hayaniyar Turawan kake kira waƙa?"

"Ina Turawa? Mu ne, 'yan jita na Omdurman, ni ke kan ganga. Ita ce ta ƙarshe a bayan faifan, rediyo bai taɓa sa ta ba. A ɗakina muka ɗauka, muka toshe taga da katifa. Yini ɗaya tak aka ara mana na'ura."

"To, mai tarin fa?"

"'Yata Barakatu. Sau uku uwarta tana buga ƙofa a kai ta mustashfa, wato asibiti, ina cewa sai mun gama."

"Masha Allah. Yanzu ta zama budurwa ke nan."

Mai rumfar ya ɗaga allurar na'urar faifan, ya mayar da ita daidai kan tarin. "Halas, shi ke nan, ya ammi. Abin da ya rage mini nata ke nan."

Zaituna ta saɓi Mastura, ta tare tasi zuwa mustashfa. Cefane ya jira.

Ke 'yar'uwa, in ɗanki yana tari, kada ki ce sai kin gama. Ajiye abin da ke hannunki, ki kai shi yau.