Hoton Mai Gyaran Agogo

Mahaifin mai gyaran agogon bakin tasha ne ya fara hana baƙi ɗaukar hoto kafin gaisuwa, shekara hamsin da suka wuce. Jiya na ji hirar mai gyaran agogon, wanda ya gaji ɗabi'ar, da wata 'yar yawon buɗe ido.

"Sauke wayar nan, 'yata. Ni gunki ne?"

"Baba, motarmu za ta tashi!"

"A garinku haka ake faɗo wa dattijo? Zauna ki gaishe ni."

"Ina wuni? Ya yara?"

"Suna ƙetare, suna ɗaukar hoton iyayen wasu."

"Ni ma rabona da kiran mahaifina wata uku ke nan."

"To, matso da kujerar."

Motar ta tashi ba ita. Ta samu hoto biyu da kofin shayi. Shi kuma ya samu abokiyar hira har la'asar, girmansa bai ragu ba.