Gyaran Ƙarshe Na Malam Kunne

Assalamu alaikum. Malamanmu, shugaban ƙungiyar masu gareji, likitan asibitin unguwarmu, dattawa, Inna mahaifiyar marigayi, Hajiya mai ɗakinsa da 'ya'yansa, 'yan'uwana direbobi, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni direban motar asibiti ne, ban iya jawabi ba. An tsayar da ni ne don ni na ɗauke shi ranar.

Mu direbobi muka laƙaba masa Malam Kunne. Ya kasance in an turo masa mota ta ƙi tashi, ba ya taɓa sifana sai ya saurara. Zai ce ka murɗa makulli kar ka tayar, ya kara kunne a jikin tanki. In famfon mai ya yi ɗan kukan nan nasa, to ciwon na wani wuri. In shiru, sai ya ɗauko ƙwan gwajinsa ya bi sawun wuta daga fiyus zuwa rile, ɗan akwatin nan mai sakin wuta, har bakin famfon. Ya kasance ba ya cewa a sayo sabon famfo sai ya tabbatar wuta tana isa ga tsohon. Yakan ce, "Kar ku zagi ma'aikaci da lalaci, ku fara tambaya ko an ba shi abinci." Ya kasance shekara goma sha huɗu motar asibitinmu a hannunsa take rayuwa. Mata nawa suka haihu a kan gado maimakon bakin titi saboda shi, Allah kaɗai ya sani.

Ranar Talata da azahar ya faɗi a gareji, dafe da ƙirji. Likita ya ce a kai shi babban asibiti yanzu-yanzu. Hajiya na bayan motar tare da shi, riƙe da hannunsa. Mun hau gada ke nan motar ta yi tari ta mutu. Na yi ta ba ta makulli, injin na juyawa ba ya kamawa. Na tare motoci uku, babu wadda za ta ɗauki mutum a kwance da tukunyar iskar numfashi. Na buɗe bonet na tsaya ina kallon wayoyi kamar yau na fara ganin mota.

Sai Hajiya ta ce yana kirana. Na leƙa. Da ƙyar muryarsa ke fita.

"Direba, murɗa makulli. Ku yi shiru."

Na murɗa.

"Famfo bai yi kuka ba. Duba fiyus."

"Lafiyarsa ƙalau, Malam."

"To rile ne. Cire na hon ka sa a gurbinsa, iri ɗaya ne."

Sau biyu abin yana suɓuce mini. Da na sa, famfo ya yi kuka, mota ta tashi. Ya ce, "Bi a hankali, yanzu ba ka da hon."

Minti ashirin da biyar muka ɓata a gadar nan. Ya cika ana shigar da shi ɗakin gaggawa. Na san ajali ne, amma zuciyata ta ƙi barin mintocin nan. Sau nawa ya ce mu tsaya mu koya, muka ce ai kana nan?

Inna, ki yafe mini. Hajiya, kin ga iya ƙoƙarina, ki yafe mini abin da ban sani ba.

Shugaba, jiya motar ta sake mutuwa a harabar asibiti. Mutum biyu sun duba, kowa ya ce a yi ta canza kaya har a dace. Mata huɗu ne a unguwar nan watan haihuwarsu ya kama, ɗaya ƙanwata ce. Don Allah kar a watse daga taron nan sai an samo mana wanda zai bi sawun wutar motar nan, ko daga ina yake. Ni ma zan zauna a gabansa in koya, da furfurata.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalansa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Allah kar ka sa a kira ni gobe in ce babu mota. Amin.