Turaren Lu'ulu'u Mai Ƙamshin Alkaki

Ruwa ne ya kora ni wani shagon turare a Tudun Wada, don ni ba ni da wadda zan saya wa. Wani dattijo yana jujjuya kwalba mai tsada gaban mai shagon.

"Hajiya, ina lu'ulu'un da aka zana a kwalin?"

"Na wata sarauniyar zamanin da ne, Baba. Sunansa kawai turaren ya ci."

"Dutse yana ƙamshi ne?"

"A'a, fure ne da zuma da madara."

"Shi ya sa nake jin alkaki. To, likita ya hana mai ɗakina suga. Ba zai tayar mata da ciwon ba?"

"Ai ba sha ake yi ba."

Ya sake sunsunawa.

"Kin tabbata? To naɗe mini. Shekara biyu rabonta da zaƙi."