Baƙuwar Mma Safia

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Shugaban wannan taro, Alhaji Nurudeen, Allah ya ƙara girma. Wakilin Sarkin Zango, Allah ya ja zamanin sarki. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da suka sauke tukwane tun hantsi domin su samu wurin zama. 'Yan uwanmu da suka dawo daga Turai, waɗanda muke kira boga ko suna so ko ba sa so. Jama'ar unguwanninmu na Kumasi, Dichemso da Buokrom da Asawase, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu, ina kuma godiya ga ƙungiyarmu da ta ba ni wannan dama. Sunana Bawah, tsohon malamin makaranta. Hajiya Memuna, wadda muka taru dominta, taubashiyata ce, mahaifiyarta da mahaifina ciki ɗaya, saboda haka in na taɓa ta kaɗan kada kowa ya shiga. An ce in yi bayani a kan takardun da mutum yake bukata idan ya yi ritaya a wata ƙasa yana son ya zauna a wata. Ni ba lauya ba ne. Abin da idona ya gani zan faɗa, kuma har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Magana ta farko: wanda ya ajiye fasfon ƙasarsa ya karɓi na wata, ya sani cewa ranar da zai dawo, a matsayin baƙo zai dawo. Memuna ta tafi Jamus tana da shekara ashirin da biyar, ta yi shekara talatin da shida a Hamburg tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana yi wa iyayen wasu wanka, tana ba iyayen wasu abinci a baki. A wancan zamanin, da ta nemi fasfon can, sai da ta miƙa na Ghana. Da ta yi ritaya, ta ce saura uwarta, Mma Safia, wadda ta haura shekara tamanin da biyar. Sai ga ta a layin neman biza. Da ta sauka a Accra aka buga mata hatimi: kwana sittin. Kwana sittin, jama'a, a ƙasar da aka binne cibiyarta.

Magana ta biyu: biza daban, izinin zama daban. Biza ta ziyara ce, ana iya ƙara mata wa'adi, amma ba a tsufa a kanta. Ni na raka Memuna ofishin shige da fice, jami'in ya zaunar da mu ya ce akwai hanyar samun izinin zama ga wanda aka haifa ɗan ƙasa amma daga baya ya koma ɗan wata ƙasa. Ya lissafa mana abin da za mu kawo: wasiƙar neman zama, mutum biyu 'yan ƙasa da za su tsaya mata, takardar 'yan sanda, takardar likita, shaidar fansho, sannan shaidar cewa asalinta 'yar ƙasar nan ce. Biyar ɗin farko mun haɗa su cikin mako uku. Ta shidan ce ta tsayar da mu, domin a gida aka haifi Memuna, ba a taɓa yi mata takardar haihuwa ba, tsohon fasfonta kuwa ya tafi tun tuni.

Ni da zafin kaina na ce, "Ranka ya daɗe, ka saurari Hausarta mana, ka ji Twi, yaren garin nan, a bakinta. A Hamburg ake koyon wannan?" Ya yi murmushi ya ce, "Papa, ni na yarda da kai, amma fayil ba ya jin Hausa. Ku kawo mini ko da takarda ɗaya ce ta wancan lokaci." Na ji haushi a ranar, amma gaskiyarsa ce. Don haka duk mai niyyar dawowa, ya je da ƙafarsa ya tambaya tun kafin ya sayar da kujerunsa, kada ya dogara da abin da na faɗa ko abin da wani boga ya faɗa masa a waya, domin sharuɗɗa suna canzawa.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ku ba ni hankalinku.

Mun bincike gidan mahaifiyarta kaf. Mun zazzage akwatuna, mun sauke jeren kwanonin Mma ɗaya bayan ɗaya, mun je makarantar da Memuna ta yi, aka ce ruwa ya ci tsofaffin rajistoci. Wadda za ta faɗa mana inda za mu duba kuwa, tsufa ya riga ya tafi da tunaninta. Mma Safia ba ta gane 'yarta ba. Memuna ta durƙusa ta ce, "Mma, ni ce Memuna," tsohuwa ta dube ta ta ce, "Sannu, baƙuwa. Ni ma ina da Memuna, tana ƙasar Turawa." Gwamnati ta ce baƙuwa, uwa ta ce baƙuwa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata ba, har tsokanar ma na daina.

Aka ƙara mata wa'adi, aka sake ƙarawa, har aka faɗa mana cewa ba za a yi ta ƙarawa ba babu fayil a gaba. Saura kwana tara. Idan ta koma, ita da ni mun san abin da muke tsoro: waya za a buga mata a ce Mma ta cika. Duk da haka kullum ita ke yi wa Mma wanka, ita ke ba ta koko da cokali, tana amsa sunan baƙuwa ba ta gyarawa.

Akwai abu ɗaya a ɗakin Mma wanda babu wanda ya taɓa. Kun san al'adar iyayenmu: wadda ta je Makka takan sayo farin yadi, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya, ta naɗe ta ajiye domin ranarta. Na Mma yana saman kabad, a ɗaure cikin tsohon ɗankwali, shekara talatin. Wa zai kwance likkafanin mai rai? Ni ban iya ba, ita ba ta iya ba, ko kallon wurin ba ma so.

Ranar Laraba da hantsi ina zaune a bakin ƙofa, Mma ta ce, "Baƙuwa, na ga kina da hankali. Sauko mini da ƙullin can, zan ba ki amana." Memuna ta dube ni, ta sauko da shi. Tsohuwa ta kwance da kanta, ta sa hannu cikin ninkin yadin, ta zaro wani kati da ya yi ja don tsufa. Ta ce, "Katin awon 'yata ne, wanda nake kai ta asibiti da shi tana jaririya. Ba ni da komai nata sai shi. Ranar da za a naɗe ni, ki ce su bari ya kwana kusa da ni kafin a fita da ni."

Allahu Akbar. Na karɓa na karanta: sunan jaririya, sunan uwa, sunan uba, ranar haihuwa, lambar gidanmu, da hatimin asibiti. Shekara sittin da ɗaya. Ruwa ya shiga gidan nan sau biyu, an canza rufi, an canza kuɗin ƙasa, mun binne maza da yawa, tunanin matar nan ya tafi har ba ta san ranar Juma'a ba, amma wannan kati ko kusurwarsa ba ta yage ba. Mu masu ilimi, masu tabarau, mun nema mun rasa. Wadda ta manta fuskar 'yarta ita ta miƙa mata shi a hannu. Ni dai ban san sunan wannan ba sai ikon Allah.

Da katin aka yi mata takardar haihuwa, aka karɓi fayil, aka ce ta jira a gida. Jiran ya yi tsawo, amma makon jiya izinin ya fito. Katin kuma Memuna ta mayar da shi inda ta same shi, domin amana aka ba ta.

Saboda haka ina roƙonku, ku yi wa 'ya'yanku takardar haihuwa tun suna goye, ku adana kowace takarda, ku faɗa wa wani inda kuka ajiye. Ba kowa ne zai samu uwa irin Mma Safia ba.

Ba ta gane ta ba har yau. Da safen nan, kafin mu fito, ta riƙe hannunta ta ce, "Baƙuwa, ke ma tafiya za ki yi?" Memuna ta ce, "A'a, Mma. An ba ni izini. Ina nan."

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe waɗanda suka rage. Allah ya dawo da matafiyanmu tun ana iya gane su. Allah ya zaunar da Zango lafiya, ya zaunar da Kumasi lafiya, ya zaunar da Ghana lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.