Golan da Ya Tsira da Wuyansa

A wani kanti a unguwar Aziziyya da ke Saudiyya, saura mako guda a fara gasar kofin duniya ta 1998, wani ɗalibin jami'a ya matso kusa da wani dattijo da ke buɗe fakitin katunan 'yan ƙwallo.

"Baba, golan Najeriya ne a hannunka? Shi kaɗai ya rage mini in cika littafin da nake liƙa su. Wata uku ina sayen fakiti ɗaya duk Juma'a, na haƙura da shayi."

"Masha Allah, karatu ya yi albarka. Me za ka ba ni?"

"'Yan Saudiyya biyar."

Dattijon ya jujjuya su. "Wa ya yanka bayin Allah?"

"Layi ne kawai na ja musu a wuya da biro. Malaminmu ya ce hoton mai rai bai halatta ba, sai an raba kai da jiki."

"To, yanzu kam ba rai. Ka saye su, ka yi musu yankan rago, ka jera gawa a littafi. Tsoron Allah ke nan."

"In ba haka ba, abokan ɗakina ba za su bari su kwana ciki ba."

"Tayyib, na ji. Shi ma golan haka za ka yi masa?"

Ɗalibin ya sunkuyar da kai. "Ɗan siriri zan ja."

Dattijon ya sa katin a aljihu. "Yalla, ya waladi, maza ɗana, je ka sha shayi. Wannan a gidana zai tsufa."