Ni Ba Innarsa Ba Ce, Ɗalibarsa Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Habiba, daga Fagge. Don Allah ka karanta wannan da ƙarfi, ko malaminmu zai ji.

Da girmana na shiga makarantar koyon kwamfuta a Sabon Gari, saboda wani Alhaji mai shagon kayan masarufi a kasuwar Singa ya ce in na iya zai ɗauke ni aiki. Malamin namu sa'an ɗana ne. Tun ranar farko ya raɗa mini Inna. Da zarar na yi kuskure sai ya taso da fara'a: "Inna, kar ki wahalar da kanki, kawo in yi miki." Ya janye kwamfutar gabansa ya gama, ni kuwa ina ta sa masa albarka.

Ngozi da ke zama kusa da ni, faɗa yake mata, ya sa ta sake aiki har sai ta yi hawaye. Har tausayinta nake ji.

Ranar gwaji Alhaji ya ce in shigar da sunayen kaya. Na danna nan, na danna can, ko ɗaya ban iya shigarwa ba. Ya ce, "Hajiya, je ki, za mu neme ki." Har yau shiru.

Da na koma na tambayi malamin me ya sa bai koya mini ba, cewa ya yi, "Haba Inna, ai kunyarki nake ji."

Masu sauraro, wannan ladabi ne ko cuta? Ina da 'ya'yan da za su ji kunyata a gida. Koyo ya kai ni wurinsa.

Ina gaida Ngozi, wadda ta samu aiki tuni. Ashe ke ya girmama.